Shekarar da Yaya Asta Ta Kashe Kasko

Yaya Asta ta girme ni da shekara tara, kuma ita ta goye ni. A Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo aka haife mu, gidan manoma. A shekarar 1989 aka kai ta Gammo, gidan Malam Ƙasim, wanda yake koyarwa a makarantar Islamiyya ta garin. Ni kuwa boko na bi, na zama akawu a Gwarzo, inda nake har yanzu. Abin da zan faɗa a nan, wani da idona na gani, wani kuma ita ta gaya mini da bakinta. Da izininta na rubuta, domin ta ce tunda magana ta riga ta fita, gara a san ta yadda take.

Duk wanda ya san Gammo a shekarun nan ya san Asta mai turare. Tun da hantsi za ka ga hayaƙin kasko yana tashi daga gidan, haka kuma da la'asar. Iyayen amare daga Kabo da Dugabau, har da na Gwarzo, wurinta suke zuwa haɗin turaren wuta da humra. Abin ya ba mu mamaki da farko, don a gidanmu ba a gaji wannan sana'a ba. Mahaifiyarmu in ta jefa kajiji a wuta ta gama iyakar saninta. Yaya Asta kuwa ko wata uku ba ta yi a ɗakin miji ba ta nemi wata Babarbariya da ke aure a Kabo, ta riƙa aika mata da gero da man shanu tana koya mata. Daga baya ta fi mai koyarwar suna. Matan gari suna tsokanarta cewa a gidan Malam ko akuya ƙamshi take yi. Ni kaina in na je gaishe ta na dawo, ba sai na faɗi inda na fito ba, matata tana karɓar hulata ta sani.

Malam Ƙasim mutum ne dogo, siriri, marar yawan magana. In zai yi dariya sai ya kare baki da hannu, kuma da wuya ka gan shi ba asuwaki ko ƙwayar kanumfari a bakinsa. Ya koyar da yaran Gammo sama da shekara talatin, har ya koyar da 'ya'yan waɗanda ya koyar. Yana da ɗaki guda a can ƙuryar gida, tagarsa tana kallon gona. A nan littattafansa suke, da katifarsa, da wata mage da ya ajiye saboda ɓeraye. In ya taso daga makaranta yakan shiga ya ja ƙofa na ɗan lokaci. Almajiransa sun ɗauka wuridi yake yi. 'Ya'yansa biyu da suka rayu, Habu da Adawiyya, sun tashi sun tarar ba a shiga ɗakin Baba, ba su kuma taɓa tambayar dalili ba. Yaya Asta kaɗai ke share shi, ita ke turara shi, ita ke turara rigunansa kafin ya fita.

A daminar 2023 Malam ya rasu, bayan tari da ciwon ƙirji da suka daɗe suna cinsa. Yaya Asta ta shiga takaba. Mai takaba ba ta taɓa turare, don haka ranar da aka kai shi ta zubar da garwashin kaskonta, ta tattara kwalabe da itatuwan haɗi a kwali, ta sa aka kai gidan maƙwabta. Tun shekarar da aka kawo ta gidan, wannan ne karo na farko da gari ya waye ba a kunna kasko ba.

Da aka zauna maganar gado, littattafai suka tafi makaranta bisa wasiyyarsa. Sauran kayan ɗakin, wato katifa da kafet da barguna da labule da manyan riguna, aka ga ba za su rabu ba sai an sayar. Aka ɗora wa Habu, don shi mai gyaran waya ne a Kabo, ya san yadda ake ciniki ta waya. Akwai wani guruf na WhatsApp da mutanen Gwarzo da Kabo suke sayar da kayan hannu a ciki, wanda wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Hajiya Zubaidatu, ta buɗe. Ta ga yara masu asma da yawa a aikinta, shi ya sa ta kafa doka ɗaya da ba ta sassautawa: duk mai sa katifa ko tufafi ko wani abu mai riƙe wari, sai ya faɗa ko ana shan taba a gidan, kuma ko akwai mage ko tattabaru ko wata dabba da ke shiga ɗaki.

Habu ya ɗauki hotuna ranar da aka fito da kayan tsakar gida suka sha rana, lokacin ƙamshin turare yana jikinsu. Da zuciya ɗaya ya rubuta cewa kayan marigayi Malam Ƙasim ne, ba a shan taba a gidan, akwai mage guda ɗaya, ita ma mai tarbiyya ce. Mutane suka yi ta dariya suna yi wa Malam addu'a. Bai gaya wa mahaifiyarsa abin da ya rubuta ba, don bai ga abin faɗa a ciki ba. Kafin mako ya zagayo barguna da labule da riguna duk sun tafi. Yawancin masu sayen albarkar Malam suke nema, kuma 'yan acaɓa suka riƙa turowa su karɓa, shi ya sa Habu bai san gidajen da kayan suka shiga ba.

Katifa da kafet kuwa Abdulnasir ne ya kama su. Tsohon ɗalibin Malam ne, yanzu shi ma yana koyarwa a makarantar. Yana da 'yar ƙaramar yarinya mai asma, wadda in abin ya tashi sai an kwana biyu a asibiti. Ya ce yana so ta riƙa kwana a kan shimfiɗar Malam, ko Allah zai sa a dace. Aka mayar da su ɗakin aka rufe, sai ya samu motar ɗauka.

Ana cikin haka ruwa ya yi ta sauka, gini ya jiƙe. Ana gobe Abdulnasir zai zo, Adawiyya, wadda ta dawo daga gidan mijinta don taya uwarta zama, ta buɗe ɗakin za ta share. Ba ta daɗe ba ta fito tana toshe hanci, tana tambayar wane marar kunya ne cikin 'yan zaman makoki ya shiga ɗakin Baba ya sha taba. Har ta fara zargin abokan Habu. Ta kuma ce abin kunya ne, ga shi Habu ya rubuta wa duniya cewa ba a sha a gidan. Daga nan Yaya Asta ta ji abin da aka rubuta. Sai ta sa aka kira ni a waya.

Na isa Gammo washegari da hantsi. Bayan mun gaisa, ta tashi ta wuce gaba na bi ta har ƙofar ɗakin. Ta tura ƙyauren ta ce in shiga. Na yi aiki da mashaya taba a ofis, na san warin sabuwa, na san na tsohuwa. Wannan ba na mako guda ba ne. Ya kama bango, ya kama rufi, ya shige cikin soson katifar. Magen tana kwance a kai. Na juyo na dube ta, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba kowa ba.

Ta ce a makon farko na aurensu ta gane. Malam bai musa ba. Ya gaya mata yana saurayi ya je cirani kudu, ya yi dakon goro, a can ya koya, kuma ya dawo ya yi karatu ya zama malami amma abin ya ƙi sakinsa. Ya ce in tana so ta kai ƙara gida, ba zai hana ta ba. Ita kuwa ranar kasuwa ta gaba sai ta aika aka sayo mata kasko. In ya je Kano sayen littattafai yakan sayo abinsa ya ɓoye a ƙasan jaka. Guntayen da ya bari ita ke kwashewa ta jefa a murhu kafin yara su tashi. Duk azumi sai ya rantse ya daina. Wata shekara ya kai har babbar sallah, ta ce ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watannin nan ba, ba ta kuma taɓa ganinsa cikin ƙunci irin na ranar da ya koma ba. Ba ta taɓa yi masa gori ba, shi ma bai taɓa ce mata ta gode ba, amma duk wanda ya yaba ƙamshin rigarsa sai ya ce a yaba wa mai ɗakinsa.

Na tambaye ta ko ita ma ba ta san warin ya fito haka ba. Ta ce ta riga kowa sani. Tun da ƙamshi ya fara janyewa take shigowa da azahar, in kowa ya kwanta, ta zauna kusa da katifar.

"Turaren nan da kowa ya san Malam da shi, nawa ne, Nata'ala," in ji ta. "Wannan da kake ji shi ne nasa. Shi kaɗai ya rage mini."

Na kawo shawarwarin da nake ganin za su rufa asiri. Na ce a goge tallar shiru, a ba Abdulnasir haƙuri da wani uzuri, a kai katifar kasuwar Gwarzo wurin dillali. Ta ce dillalin ma wani zai sayar wa, kuma wa ya san wanda zai kwanta a kai. Ta ce bargunan da suka riga suka tafi fa, wa ya san ko jariri ake lulluɓawa da su a yanzu, mutane sun saki jiki don an ce musu daga gidan Malam ne kuma ba a sha. Hanyar da za a samu masu sayen kuwa guda ɗaya ce, ita ce guruf ɗin da aka yi tallar.

Muna cikin haka Habu ya iso, ya same mu a ƙofar ɗakin. Muka faɗa masa abin da ake ciki. Da ya buɗe baki kuwa, dabara ya kawo: Adawiyya ba ta takaba, kuma ta iya haɗi, a karɓo kwalin nan ta turara katifar da kafet ɗin sosai kafin la'asar. Yaya Asta ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, sai ta dube ni ta ce in gaya wa wannan cewa ta fi shekara talatin tana wannan aiki, ta san iyakar kwanakin da turare yake riƙewa. Bayan mako guda zai tashi, abin da ke ƙasa ya fito, ya shiga ƙirjin yarinyar mutane.

"Inna, mutumin da yake kabari za ki tona?" in ji Habu. "Wa ya tambaye ki? Shi da ya ɓoye mana har ya mutu, ke ce za ki sa shi a waya?"

Ta ce Malam da bakinsa yake karantar da cewa wanda ya ɓoye aibin kaya ya sayar, haram ya ci. Habu ya ce shi ne kuma yake karantar da rufa wa Musulmi asiri. Ta ce haka ne, tun jiya take juya su biyun, ba ta runtsa ba. Ta ce da ba a rubuta komai ba, da wataƙila ta yi shiru ta mutu da abinta. Amma an rubuta ƙarya da sunansa, an karɓi kuɗin mutane a kanta, kuma kuɗin ne za a raba wa 'ya'yansa su ci. Habu ya ce shi ba zai rubuta ba, ya sa wayarsa a aljihu ya fita. Adawiyya tana gefe tana kuka, ban san ko don uban take yi ba ko don uwar.

Da la'asar Abdulnasir ya zo da a-kori-kura. Na tare shi a soro, Yaya Asta ta tsaya bayan labule. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ya haƙuri, ta tambayi iyali da jikin yarinyar. Ya ce da sauƙi, har ta matsu a kawo mata katifar Malam. Sai ta ce masa katifar ba za ta yi wa mai asma ba, an sha taba a kanta. Ya yi murmushi ya ce ai yaran yanzu sai addu'a, in an shanya ta kwana biyu za ta washe.

"Ba yara ba ne, Abdulnasir. Malaminka ne. Tun kafin a haife ka."

Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, yana aji na ƙarshe Malam ya kama shi da karan taba ɗaya a bayan makaranta. Ya zaci duka zai sha, amma sai Malam ya zaunar da shi ya riƙe hannunsa, ya ce masa ya yi wa Allah ya bari tun tana sakuwa, har hawaye ya gani a idonsa. Tun ranar bai sake taɓawa ba. Ya ce duk shekarun nan yana ba ɗalibansa wannan labari. Ya miƙe, ya sallami mai mota, ya tafi ko sallama bai iya yi da kyau ba.

Bayan tafiyarsa ta ce in fito da wayata. Na nemi lambar Hajiya Zubaidatu na roƙe ta ta sa ni a guruf ɗin. Kafin in rubuta na sake gwada sa'a, na ce a ce baƙi ne suke sauka a ɗakin, wasu cikinsu suna sha. Ta ce kowa a Gammo ya san baƙin Malam, ba za ta ɗora wa bayin Allah abin da ba su yi ba. Na ce to a bar sunan mai sha. Ta yarda da wannan, ko da yake ni da ita mun san ba abin da zai ɓoye, tunda kowa ya san ɗakin na mutum ɗaya ne. Ga abin da ta faɗa na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba: "Gyara daga gidan marigayi Malam Ƙasim na Gammo. An rubuta cewa ba a shan taba a gidan, wanda ya rubuta bai sani ba. An daɗe ana sha a ɗakin da kayan suke, turare ne ya rufe warin. Duk wanda ya saya, musamman mai jariri ko mai ciwon ƙirji, ya dawo da su ya karɓi kuɗinsa. A yafe mana, a yi masa addu'a." Na karanta mata, ta ce in tura.

Da yawa addu'a suka yi. Amma wani ya tambaya ko wannan ne ya shekara yana jan mutane sallah in liman ba ya nan, wani ya ce dama shi ya daɗe yana mamakin yawan turaren, wata kuma ta ce matar da za ta yi wa mijinta haka tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, Allah ya raba ɗanta da irinta. Hajiya Zubaidatu ta rufe guruf ɗin har washegari, amma an riga an ɗauki hoton saƙon an watsa. Barguna biyu suka dawo, ɗaya daga gidan da aka yi haihuwa a watan. Wata babbar riga kuma a leda aka ƙulle ta aka ajiye a soro, ba a ko nemi kuɗin ba. Katifar daga baya wani direban babbar mota ya saye ta, ya ce shi ma yana sha, ba abin da ya dame shi. Ranar da aka zo ɗauka Yaya Asta ta shige ɗakinta ba ta fito ba sai da motar ta tashi.

Habu ya ɗauke ƙafa har ta fita takaba. Yanzu yana zuwa, amma daga bakin ƙofa yake gaishe ta ya juya. An dawo mata da kwalinta, yana nan a ɗaure, masu neman haɗi tana tura su wurin wata da ta koya wa. A bara aka gama sababbin azuzuwa a makarantar. Tun ana ginin kwamiti ya yi maganar sa musu sunan Malam, amma ranar buɗewa sunan unguwa aka gani a allon da aka kafa, ba wanda ya faɗi dalili. Abdulnasir yana cikin kwamitin. Wani ya ce mini shi kaɗai ya tsaya a kan a sa sunan, wani kuma ya ce bai buɗe baki ba har aka tashi. Ban iya tabbatar da ko ɗaya ba, shi ya sa na kawo duka biyun.

Ni aka bar wa kai mata labarin allon. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Na faɗa mata a taƙaice, na ƙara da cewa mutane suna mantuwa, wata rana za a gyara. Ta ci gaba da tsintar.

"Ba allon ne yake damuna ba," ta ce. "Amana ya ba ni ina yarinya, na riƙe har ya tafi, sannan na saki. Kullum sai na tambayi kaina ko da yana nan zai ce na yi daidai. Wani lokaci in ga kamar zai ce, wani lokaci in ga ya kare baki da hannu ya juya mini baya. Kuma ba wanda zan tambaya, Nata'ala."

Na ce mata a ganina ta yi daidai. Ta ce ta sani, ni ƙaninta ne, dole in faɗi haka. Ta goge idonta da gefen mayafi, ta jawo farantin ta ci gaba.